Guguwa da Motar da Ke Ɗaga Hanci

Idan ana zancen gudu a duniyar nan, a fara ambaton Guguwa tukuna, sannan a gangaro kan harsashi da walƙiya. Allah ya yi wa bawan nan baiwar sauri. Yakan zagaye filin tseren mota sau goma kafin shayinsa ya huce, duk yana zaune a kujerar ofis, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Babu kwanar da bai sha ba da bakinsa. Babu gwanin direban da bai bari a baya ba da tafin hannunsa. Mu da muka tsufa muna sauke kwalaye a shagonsa mun haddace labarin tsaf, har mun san inda zai ce "fiuuu!" da inda zai tsaya ya goge yawu.

Sana'arsa tayil da kayan banɗaki. Rabin mutanen garin a kan hajarsa suke zama kowace safiya, kuma yana son a riƙa tunawa da hakan. Sunan Guguwa shi ya raɗa wa kansa, bayan ya gaji da jiran mutane su lura. A bayan idonsa kuwa ma'aikata Ina-Zuwa suke ce masa, domin ko gobara ce ta tashi a sito aka kira shi, amsar ke nan, kuma sai wuta ta ci ta ƙoshi kafin ya raba jikinsa da kujera.

Kada wani ya ce gwanin bai san mota ba. Ya san ta sarai, daga gidan baya. Shekara da shekaru wani dattijon direba ke jan sa, shi kuma yana kishingiɗe yana ba da umarni: "A hankali! Kashe ni za ka yi?" Da sun iso sai ya fito yana gyara hula, ya ce wa mai gadi, "Yau kam mun yi gudu."

Babu abin da babban mai gudu ya tsana kamar gudun wani. Shi ya sa da aka zaɓe shi shugaban layinsu, aikinsa na farko shi ne tudun rage gudu, 'yan taku kaɗan daga ƙofar gidansa, a hanya ɗaya tilo da ake fita zuwa babban titi. Da kansa ya tsaya a kan magini, hannu a ƙugu.

"Ƙara siminti. Ƙara. Sa rodi a ciki. Ina son tudun da jikokina za su zo su tarar. Gudu na masu ilminsa ne, ba na kowane kare da doki ba!"

Ya kuma kafa doka a gaban taro: ba mai taɓa tudun nan sai duk mutanen layi sun haɗu sun yarda, ko mutum ɗaya ya ƙi, magana ta mutu. Aka tafa masa. Tudu ya bushe, ya fito sumul, ya yi tozo a tsakiyar hanya, mutanen layi suka sa masa suna Tumbin Shugaba saboda kamar da suka gani. Malamin makarantar da ke maƙwabtaka da shi ya bar salansar motarsa a wurin har sau biyu. Mai ƙwai da ke kawo kaya a babur ya daina ƙirga asararsa, ya koma ƙirga addu'o'in da yake yi wa shugaba. Duk wanda ya kawo kuka, Guguwa yakan dafa kafaɗarsa ya ce, "Haƙuri, ɗan'uwa. Sannu ba ta hana zuwa."

Baki shi ke yanka wuya. Wata rana ana cin abincin rana a gidansa, ga mai ɗakinsa, ga ƙaninta likitan haƙori, wani siririn mutum marar yawan magana, wanda kowace Asabar yake kai tsohuwar motarsa filin tsere ya yi gudunsa ya dawo bai gaya wa kowa ba. Guguwa ya ɗauki cokali ya fara koya masa shan kwana. Kwanon miya ya zama kwana ta farko, tulun ruwa ya zama ta biyu, cokali yana ta shawagi a tsakaninsu yana ɗiga a kan ledar tebur.

Likita ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Yaya, ai filin nan ba a rufe yake ba. Asabar ta sama ka zo mu gwada."

"Maigida, ci abincinka," in ji matar.

Ina! An taɓa Guguwa a gaban iyali. Ya miƙe, gwargwadon saurin da yake iya miƙewa.

"Kai, ɗan ƙanina, ni kake gayyata? Lokacin da na fara riƙe sitiyari kai ko haƙoran da kake cire wa mutane ba ka fitar ba! Na amsa. Wanda aka wuce, ko wanda tuta ta tashi ba ya wurin, zai wanke motar ɗan'uwansa da hannunsa, a ƙofar gidan nan, mutanen layi suna kallo. In ni ne, daga ranar kada wanda ya sake ce mini Guguwa. Ke ce shaida."

"Na ji," in ji ta, ta ci gaba da kwashe kwanuka.

Saura mota. Washegari ya dira a kamfanin da ke sayar da motocin tsere, wani gini na gilashi mai sanyi kamar cikin firji, inda ya fara da duba tayil ɗin ƙasa ya ce aikin banza ne. Mai sayarwa, mutum mai murmushin da ba ya gajiya, ya kai shi gaban guda biyu.

Ta farko ja ce wur, shimfiɗe a ƙasa kamar kadangaren da ya ga shaho. Don filin tsere aka ƙera ta. Kujerarta tauri kamar benci, ba ta da wurin ajiye ko jakar hannu, in aka tayar da ita gilasan ginin sai sun yi rawa. Ta biyu shuɗiya ce. Ita ma in ta samu fili ba ta wasa, amma ta san zaman duniya: kujera mai laushi, murya daidai, ga ɗan wurin kaya, mutum zai iya zuwa aiki da ita ranar Litinin ya kai ta tsere ranar Asabar.

Guguwa ya zagaye su, hannu a baya, kamar mai duba faretin sojoji. Ya leƙa cikin Ja, ya leƙa cikin Shuɗiya, ya ɗago fuska a murtuke.

"Ina gidan baya?"

"Yallabai, kujera biyu ce kowacce."

"Na sani. Gwada ka nake yi."

Daga ranar duniya ta shiga uku da zaɓen Guguwa. Ya tara mu a sito, mota cike da kaya tana jira a waje, ya ce shawara yake nema.

"Ku talakawa ba ku san nauyin da ke kan manya ba. Kai in za ka sayi keke, keke ne kawai. Ni kuwa ga Ja, ga Shuɗiya. Ja jinina ce, wuta ce, ni ce in an mayar da ni ƙarfe. Shuɗiya kuma hankalina ce da natsuwata. To mutum ya zaɓi jininsa ko hankalinsa? Ku faɗa mini!"

Wani ya buɗe baki zai faɗa, ya ce masa ya yi shiru, ba a katse manya. Muka tsaya har ƙafafu suka yi sanyi. Da ya gama ya gode mana da shawara.

Ya tambayi wanzaminsa. Ya tambayi mai gadi. Ya tare wani da ya zo sayen famfon wanka ya nuna masa hotuna a waya har mutumin ya tafi wani shago. Dattijon direba kaɗai ya ba da amsar da ta fito daga zuciya, ya ce kowacce aka saya alheri ce, tunda dai babu inda zai zauna a ciki.

Kullum sai ya koma kamfanin. Shiga Ja kaɗai aiki ne na mutum uku: a fara tura mazaunai, a naɗe ƙafa, a lallaɓa tumbi ya wuce sitiyari, sannan a cusa kai. Fitowa kuma sai an kama hannu biyu an ja, ya fito da ƙara kamar an cire murfin kwalba. Mai sayarwa ya zaga da shi a filin gwaji na bayan kamfanin. Tun daga tashi har tsayawa idon gwanin a rufe yake, ya damƙe bel da hannu biyu, yana karanto duk addu'ar da ya sani har da ta shiga kasuwa. Da aka zaro shi ya tsaya yana haki, ya ce, "Ba laifi. Amma kana saurin taka birki. Tsoro ne ke damunka."

Gaskiyar magana, bayansa ya riga ya yi zaɓe. Duk sanda ya fito daga Ja sai ya kwana ana shafa masa man zafi. A Shuɗiya kuwa har gyangyaɗi ya taɓa yi. Ranar da ya je yanke hukunci, zuciyarsa tana wajenta, kuma da an bar shi haka da labarin nan bai samu mai ba da shi ba.

Sai mai sayarwa ya so ya ƙara gishiri. Guguwa yana tsaye a gaban Shuɗiya, ga wasu masu sayayya suna kallo, mutumin ya zura hannu ciki ya ce, "Yallabai, ga wani abu da Ja ba ta da shi. In ka danna nan, sai ta ɗaga hanci."

Ya danna. Motar ta yi ɗan gurnani, gabanta ya taso a hankali, a hankali, har fitilunta suka dubi Guguwa ido cikin ido. Wata mata da ke gefe ta ƙyalƙyale da dariya.

Guguwa ya ja da baya. Jijiyar wuyansa ta tashi.

"Ni? Ni za ta ɗaga wa hanci? Ƙarfen da zan ciyar da shi mai, in ba shi ɗaki a gidana? Kai, ka san ko ni wane ne? A gidana mutum ɗaya ke ɗaga hanci, kuma ga shi tsaye a gabanka!"

"Don tudu ne, yallabai, in an zo hayewa. Yaya hanyar gidanka take?"

"Hanyar gidana ni ne shugabanta!"

"To ai shi ke nan. Sai dai akwai wani da ya sa ido a kanta, in ba ka…"

"Ya ɗauka! Su je can su ƙarata da rashin tarbiyya. Dubi wannan," ya nuna Ja, murya ta yi laushi. "Tun da na shigo hancinta a ƙasa. Ta san girman manya. Ita nake so."

Girman kai rawanin tsiya, in ji masu magana, amma ba su faɗi cewa har taya huɗu gare shi ba.

Bai yarda a tuƙo ta ba. Ya ce amarya ba ta zuwa da ƙafarta. A bayan babbar motar ɗaukar kaya aka kawo ta, lulluɓe da jan ƙyalle, aka bi layi da ita a hankali don kowa ya fito. Babbar mota ta haye Tumbin Shugaba ko a jikinta, ta shiga har tsakar gida ta sauke. Kwanakin da suka rage, atisaye ya kankama: daga gindin bishiya zuwa tankin ruwa, daga tankin ruwa a turo shi da hannu zuwa gindin bishiya, domin bai gano inda giyar baya take ba. Da asuba yakan tayar da ita ya yi ta taka totur a tsaye, jariran layi su farka gaba ɗaya. Fita waje kuwa ya ce a'a, kada maƙiya su ga sirrin gudunsa su kai wa likita.

Asabar ta zo. An ba mu hutun rabin yini, da sharaɗin mu zo mu yi layi a ƙofar gida mu tafa. Mutanen layi kuwa ba sai an gayyace su ba. Aka wangale ƙofa. Ga Guguwa cikin jajayen kayan tsere da suka kama shi kamar an ɗura shi a ciki da mazurari, ga safar hannu, ga hular kwano a hammata. Kafin a cusa shi, ya yi wa jama'a jawabi.

"Ku buɗe idanunku da kyau, domin sau ɗaya za ku gan ni. Wanda ya ƙifta, ya rasa. Ku riƙe yara, ku riƙe huluna. In kun ji iska ta wuce, ni ne!"

Aka cusa shi. Aka kifa masa hula. Ja ta yi ruri har tsuntsaye suka watse daga bishiya. Ta fito daga ƙofa, ta karya kwana da kyar, ta miƙe, muka fara tafi.

Ƙurrrr. Ƙaf.

Tayoyin gaba sun haye. Na baya ba su samu zarafi ba. Ja ta zauna daram a kan tudu, tumbi ya haɗu da tumbi, ta ɗan yi lilo gaba da baya kamar sikelin mai nama, sannan ta tsaya. Mu kuma ba a ce mu daina tafi ba, sai muka ci gaba.

Gwani ya yi abin da gwanaye ke yi, ya ƙara wuta. Tayoyin baya suka yi ta juyawa suna lasar ƙasa, hayaƙi ya turnuƙe, ƙara ta cika unguwa. A allon gabansa lambobi suna ta hawa. Wannan shi ne gudu mafi tsanani da aka taɓa yi a layin, kuma ko taku ɗaya ba a matsa ba. Wata tsohuwa da ta dawo daga cefane ta zo ta wuce shi da sandarta, ta ce masa sannu da aiki.

Ya sauke gilashi. Murya ta fito daga cikin hular kwano kamar daga rijiya.

"Wane ɗan iska ne ya sa wannan abu a hanya?"

Duk mutanen layi suka zuba masa ido.

"A fasa shi! A kawo guduma yanzun nan!"

Malamin makaranta ya matso, ya rusuna da ladabi, fuskarsa kamar ta mai ta'aziyya. "Shugaba, ai sai an yi taro. Kai ka ce ko mutum ɗaya ya ƙi, magana ta mutu."

"To ga taro nan! Kowa yana nan! Wa ya ƙi?"

Malam ya ɗaga hannu. Mai ƙwai ya ɗaga biyu. Tsohuwa ta juyo daga nesa ta ɗaga sanda.

"Haƙuri, Shugaba," in ji mai ƙwai, yana dafa rufin motar. "Sannu ba ta hana zuwa."

An ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere. Ashe tudu ma haka ne.

Muka gwada turawa, ya ce kada mu taɓa fenti. Muka ce ya fito ko nauyi zai ragu, ya ce matuƙi ba ya barin motarsa a fagen fama, alhali kowa ya ga ya gwada fitowar tumbi ya hana. Ana cikin haka waya ta yi ƙara. Tun ranar saye mai sayarwa ya haɗa masa ita da lasifikar motar, shi kuma bai san inda ake rage murya ba. Muryar likita ta karaɗe layi.

"Yaya, ana shirin ɗaga tuta. Kana ina?"

Guguwa ya dubi hagu, ya dubi dama, ya cika ƙirji.

"Ina zuwa!"

Nan ma'aikata suka zube. Wani ya riƙe katanga, wani ya kwanta a ƙasa yana bugun cinya. Shekaru muna ɓoye sunan nan kamar kayan sata, yau ga mai shi ya yi shelarsa da lasifika.

Rana ta take kafin janwe, motar jan motoci, ya iso. Mai janwe ya zagaya motar, ya tsuguna, ya tashi, ya ce hanya ɗaya ce, sai an ɗaga mata hanci. Aka zaro Guguwa tukuna, mutum huɗu, ya fito jiƙe sharkaf kamar an tsamo shi daga tanki. Aka maƙala ƙugiya. Ja mai ladabi, mai sanin girman manya, ta ɗaga hanci sama fiye da yadda wata mota ta taɓa ɗagawa a garin, aka ja ta zuwa gareji tana ɗigar da mai, yara suna bin ta da ihu.

Bai gama cire safar hannu ba aka ji wani gurnani mai taushi daga bakin layi. Shuɗiya ce. Ta taho a natse, ta tsaya a gaban Tumbin Shugaba kamar mai gaisuwa, ta ɗaga hanci, ta haye sumul ko ƙura ba ta taɓa ba, ta sauke, ta tsaya a ƙofar gida. Likita ya fito, ga ƙurar fili da baƙin roba sun yi mata kaca-kaca har rufi.

"Sannu da gida, Yaya. Wadda ka bari ce. Na gan ta kamar marainiya, na ce bari in riƙe ta."

Guguwa ya buɗe baki. Jawabi ya taho har maƙogwaro: rashin adalci, makircin maƙwabta, maginin da ya wuce umarni. Kafin ya fito, mai ɗakinsa ta ratso jama'a ta ajiye bokiti da soso a gabansa. Ruwan har da ɗumi. Tun safe ta ɗora shi.

"Maigida, ni ce shaida," in ji ta.

Tsuguno cikin kayan tsere ba ƙaramin aiki ba ne. Wani ɗinki ya yi ƙara a baya, kowa ya yi kamar bai ji ba, ban da mai ƙwai. Ina-Zuwa, domin yanzu sunan da ya rage masa ke nan, ya tsoma soso ya fara da fitila, yana gunaguni cewa wannan ma wani fanni ne na sanin mota wanda ba kowa ya iya ba.

Likita ya tsaya yana kallo, sai tausayi ya kama shi. Ya zura hannu ta taga.

"Bari in sauƙaƙa maka, Yaya, don ka samu shiga ƙasan da kyau."

Ya danna. A gaban duk mutanen layi, Shuɗiya ta ɗaga masa hanci a hankali, a hankali, shi kuma ya sunkuyar da nasa ya shiga ƙarƙashi da soso.